Fadar Masara ta garin Mitchell: abin da muka tarar a kwana uku da iyali

Mahaifiyata ta zo mana ziyara daga Saminaka, ta yi wata guda cur a gidanmu da ke Omaha ba ta ga komai na ƙasar Amurka ba sai falo da kanti da masallacin Juma'a, yara kuma suna cikin dogon hutun makaranta suna ta ƙorafin zaman gida. Ni da maiɗakina muka zauna muka yi lissafi, muka ga cewa tikitin jirgi na mutum shida da kuɗin shiga manyan wuraren wasan yara sun fi ƙarfin aljihunmu a bana, don haka muka nemi wurin da mota za ta kai mu cikin rabin yini, wanda dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta iya zagayawa ba tare da wahala ba. A haka muka tsayar da shawara a kan Mitchell, wani ƙaramin gari a jihar Dakota ta Kudu mai mutane kimanin 15,000, wanda aka san shi da gini guda da ake kira Corn Palace, wato Fadar Masara. Mun kwana biyu mun yini uku a can cikin watan Yuli, kuma ra'ayina shi ne wurin ya cancanci tafiyar, muddin mutum ya san abin da zai je gani tun kafin ya tayar da mota.

Daga Omaha mun bi babbar hanya mai lamba 29 zuwa arewa, muka wuce Sioux City, muka yada zango a Sioux Falls, birni mafi girma a jihar, inda muka yi sallar Azahar muka kuma sayi naman rago na halal a wani kanti na 'yan Afirka muka zuba a akwatin ƙanƙara. Daga nan muka juya yamma a kan hanya mai lamba 90, wadda ta kai mu Mitchell cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, domin tazarar ba ta wuce kilomita 120 ba, kuma dokar jihar ta yarda a yi gudun mil 80 a awa a irin wannan hanya. Gaba ɗaya tafiyar ta ɗan haura kilomita 400. Ƙasar shimfiɗe take kamar an yi mata daɓe, babu dutse babu kurmi, sai gonakin masara da na waken suya hagu da dama har inda ido ya gaza, da manyan rumbunan ƙarfe masu ƙyalli a rana, da shanu jefi-jefi. Yara sun yi barci tun kafin mu yi nisa, amma Hajiya ba ta runtsa ba, tana ta lura da yadda aka matse shukar, da yadda kara ya yi tsawo bai-ɗaya kamar an auna shi da igiya, tana kuma tambayata inda manoman suke, domin mun yi tafiyar awa guda ba mu ga mutum ko ɗaya tsaye a gona ba.

Fadar tana kan babban titin garin, a tsakiyar tsofaffin shaguna na jan bulo, kuma mun sami wurin ajiye mota a kusa ba tare da biyan komai ba. Abin da ido yake fara sauka a kai shi ne ƙubbobi da 'yan hasumiyoyin da ke saman ginin, kuma tambayar farko da Hajiya ta yi mini ita ce ko masallaci ne. Na bayyana mata cewa ɗakin taro ne na gari, sai dai masu ginin sun ari salon gine-ginen Musulmin Andalus da na ƙasashen gabas, wanda ya taɓa burge Turawa da Amurkawa ƙwarai, suka ɗora a kansa don ado. An ƙara ƙubbobin a 1937, aka kuma sake su da sababbi na ƙarfe a 2015, waɗanda ake kunna wa fitilu masu launi da dare. A ƙasan ƙubbobin kuma, jikin bangon gaba da na gefe, manyan zane-zane ne na mutane da dabbobi da wurare, waɗanda daga nesa za ka rantse fenti ne, sai ka matso kusa ka ga ashe duk goyon masara ne aka jera.

Tarihin wurin ya taimaka mini wajen fahimtar abin da nake kallo, kuma ma'aikatan suna ba da shi kyauta ga duk wanda ya tsaya ya saurara. Dakota ta Kudu ta zama jiha a 1889, kuma a wancan zamani mutanen gabashin Amurka da yawa suna ɗaukar wannan yanki a matsayin busasshiyar ƙasa da ba ta noma. Garin Mitchell, wanda aka sa wa sunan Alexander Mitchell, shugaban kamfanin jirgin ƙasan da ya shimfiɗa dogo ta nan, yana neman manoma su zo su zauna, sai 'yan kasuwarsa suka gina fadar farko ta katako a 1892 suka lulluɓe ta da amfanin gona, don duk wanda ya sauka daga jirgi ya ga da idonsa abin da ƙasar take bayarwa. Ba su ne suka fara wannan dabara ba, domin Sioux City da muka ratsa a hanya ta yi irin nata fadojin tsakanin 1887 da 1891 kafin ta daina. Mutanen Mitchell ne kawai suka riƙe al'adar, suka sake gini a 1905, sannan suka kammala wanda yake tsaye yau a 1921, shi ya sa suke yi masa kirari da cewa shi kaɗai ne irinsa a duniya.

Yadda ake aikin shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma a nan muka fi daɗewa. Kowace shekara ana zaɓar jigo guda, a zana hotunan, sannan a kwafe su a kan baƙar takardar da ake shimfiɗawa a rufin gida, a rubuta a kowane gurbi launin masarar da za a sa. Ana tsaga kowane goyo biyu a tsaye, tun daga kai har gindi, yadda ɓangaren totuwa zai kwanta a jikin bango, ƙwayoyin kuma su fuskanci waje, sai a kafe shi da ƙusa. Ana amfani da goyo sama da 200,000 a kowace shekara, cikin launuka kimanin 12, kuma babu wanda aka rina: akwai fara da rawaya da ja da ruwan ƙasa da shuɗiya da baƙa, akwai mai ɗigo-ɗigo, har da wata mai sirkin kore. Gefunan zanen kuma ana ƙawata su da damman ciyawa da zangarniyoyin hatsi dangin alkama. Matashiyar da ta zagaya da mu ta ce kowane launi gonarsa daban ake shuka shi, nesa da ɗan'uwansa, don kada iska ta kwashi garin furen wani ta kai wa wani launin ya gauraye. Da na fassara wa Hajiya wannan, sai ta gyaɗa kai ta ce ai haka yake ko a gida, duk wanda ya shuka fara kusa da gonar mai ja, ranar ɓare goyo zai tarar da ƙwayoyi sun yi masa dabbare-dabbare. Ta sa yatsa ta shafa wani layi na baƙar masara da ke daidai tsayinta, ta danna ƙwaya guda da farce don ta ji ƙarfinta, ta ce wannan ta bushe sarai, irin wadda ake kaiwa inji ce.

Daga nan ne ta yi mini tambayar da na san duk Bahaushen da ya tsaya gaban wannan bango zai yi, ko da a zuci. Ta ce: "To kai ɗan nan, abinci ne fa wannan aka kafe da ƙusa. Ba almubazzaranci ba ne?" Ban ɗauki tambayar da wasa ba, domin matar da ta yi ta ta ga shekarun da aka auna hatsi da gwangwani, ta kuma tarbiyyantar da mu a kan cewa ƙwayar da ta faɗi ƙasa tsince ta ake yi. Na gaya mata abin da na sani, cewa Amurka ce ta fi kowace ƙasa noman masara a duniya, cewa mafi yawan wadda muka gani a hanya ba tuwo ake yi da ita ba, dabbobi ake ciyarwa ko a mai da ita man da ake gaurayawa da fetur, kuma wadda ke jikin bangon an noma ta ne musamman don wannan aiki a 'yan gonaki kaɗan. Na kuma nuna mata tattabaru da ƙananan tsuntsayen da ke sauka a saman zanen suna tsattsagar ƙwaya, da guraben da suka riga suka cinye sai totuwa, domin zanen da muka tarar na bara ne, ya sha sanyin hunturu da ƙanƙara, tsuntsayen garin kuma da shi suka yi ta rayuwa a watannin da ƙasa take rufe.

Ba zan ce bayanina ya gamsar da ita gaba ɗaya ba, kuma ni ma ban so in rufe mata baki da lissafi ba. Abin da ya sassauta mata zuciya wani abu ne da matashiyar ta ambata, cewa a 2006 fari ya yi tsanani a yankin har aka fasa sabunta zanen, aka bar na shekarar da ta gabata. Hajiya ta ce to ashe su ma sun san fari, ashe bangon yana bin damina ne kamar yadda rumbu yake bin ta. A nawa ganin nan ne darajar wurin take. Gari ne na manoma da ya shafe fiye da shekaru 130 yana fito da amfanin gonarsa bainar jama'a yana alfahari da shi, kuma shekarar da gona ta ƙi, bango ma yakan nuna. Na tuna yadda a ƙauyukanmu ake jera damman gero da dawa a ƙofar gida bayan girbi kafin a zuba a rumbu, mai wucewa ya gani ya ce Allah ya sa albarka. Har yanzu ina jin nauyin tambayar mahaifiyata, kuma ina ganin ya kamata mai ziyara daga ƙasarmu ya bar wa kansa damar jin ta, amma ban fito daga wurin da jin cewa an wulaƙanta abinci ba.

Cikin ginin kuwa, ya kamata mai zuwa ya san cewa filin ƙwallon kwando ne mai ɗaukar mutane kimanin 3,000, inda ƙungiyar makarantar sakandaren garin da ta jami'ar Dakota Wesleyan suke wasanninsu, ake kuma yin bukukuwan yaye ɗalibai da na kiɗa. A lokacin zafi, da yake babu wasanni, ana mai da tsakiyar filin kasuwar tsaraba, da riguna da kofuna da dunƙulen gugguru mai zaƙi. Wanda ya zo da tunanin zai shiga fada irin ta sarki mai zauruka da soraye zai ga abin bai kai yadda ya zata ba, shi ya sa na ce a san abin da za a gani tun daga gida. Shiga kyauta ne, babu tikiti babu layi, akwai sanyin na'ura da kujerun hutawa da banɗaki mai tsabta, akwai kuma gajeren fim na tarihin wurin. A farfajiyar shiga an jera hotunan fadar shekara bayan shekara tun daga farko, kuma babban ɗana ya daɗe yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta kayan da mutane suke sawa da motocin da ke gaban ginin. A nan na fara sanin sunan Oscar Howe, mai zane daga ƙabilar Dakota ta 'yan asalin ƙasar, wanda ya tsara zanen bangon tun daga 1948 har zuwa 1971. Ma'aikatan da muka haɗu da su, matasa da dattawa, sun yi mana tarba ta mutunci, kuma wata dattijuwa da ta ga Hajiya tana ɗingishi ta nuna mana na'urar hawa bene tun kafin mu tambaya. Awa biyu sun ishe mu a ciki da waje, sai dai mun sake komawa bayan Magariba don ganin ƙubbobin da fitilu, kuma wannan komawar ta fi ta rana daɗi, domin zafi ya sauka, iyalai suna zaune a dandalin da ke gefen ginin, yara suna guje-guje.

Masaukinmu ɗaya ne daga cikin ƙananan otal-otal da ke jere a bakin babbar hanya a kudancin garin. Mun kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kowanne da gado biyu da ƙaramin firji da na'urar ɗumama abinci, kuma kuɗin kwana biyun bai kai abin da muka taɓa biya na dare ɗaya a wani babban birni ba. Akwai wurin ninkaya a ciki, wanda a wajen yara shi ne rabin hutun. Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗakin da aka fara ba mu yana warin taba duk da an rubuta a ƙofa cewa ba a shan ta, sai da na koma wajen mai karɓar baƙi sau biyu kafin a sauya mana. Tagar ɗakin Hajiya tana kallon hanya, ƙarar manyan motoci ta hana ta barci a daren farko, don haka ina ba da shawara a nemi ɗakin da ke bayan gini tun lokacin kamawa. Karin kumallon da suke bayarwa kyauta kuma yawancin abin zafin da ke cikinsa naman alade ne, kuma da cokali ɗaya wasu baƙin suke ɗibar naman da ƙwan, saboda haka muka tsaya a kan burodi da madara da 'ya'yan itace da shayi. Mun zo da butarmu da darduma, alƙibla daga wannan yanki tana arewa maso gabas, kuma ya kamata a sani cewa a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, abin da ya sa Isha'i take yin nisa ga yara da tsofaffi.

Batun abinci shi ne inda tanadinmu ya fi yi mana rana. Maiɗakina ta dafa shinkafa da miya tun daga gida ta zuba a robobi, ta haɗo da dambun nama da garin kunun gyaɗa saboda Hajiya, kuma firjin ɗaki ya riƙe mana su har muka tashi. Sau ɗaya kawai muka ci a gidan abinci, inda muka nemi kifi da dankali, aka kawo mana da yawa har muka yi guzurin saura. A takardar abincin na ga wani abu da suke kira chislic, na tambaya aka ce mini nama ne, asali na rago, da ake yankawa ƙanana a soya ko a gasa, a tsire a tsinke, a barbaɗa gishiri mai tafarnuwa. Jamusawan da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha ne suka zo da shi wannan yanki, kuma a 2018 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin abin taɓawa na jihar. Da jin bayanin na san ɗan'uwan tsire ne. Ba mu ci nasu ba saboda ba mu san yankan ba, amma da yamma muka tafi wani wurin shaƙatawa na gari a bakin tafki, inda aka kafa murhun gashi na ƙarfe don kowa, muka sayi gawayi muka gasa ragon da muka taho da shi daga Sioux Falls, da yajin ƙuli-ƙulin da Hajiya ta kawo mana daga gida. Wani dattijo da ke kamun kifi kusa da mu ya ji ƙamshi ya matso, muka ba shi tsinke biyu, ya ci yana share hawayen yaji yana godiya, ya kuma zauna ya ba mu labarin gonar mahaifinsa har duhu ya fara.

Wuri na biyu da nake ganin bai kamata a tsallake ba shi ne tsohon ƙauyen 'yan asalin ƙasar da ke gaɓar tafkin Mitchell, a arewacin garin, tafiyar 'yan mintoci a mota daga fadar. Nan ana biyan kuɗin shiga, amma kaɗan ne. Kimanin shekaru 1,000 da suka wuce wasu manoma sun zauna a wannan tudu, waɗanda masana suke ganin su ne kakannin ƙabilar Mandan, suna noman masara da wake da kabewa, suna kuma farautar ɓaunar Amurka. An gina wani babban rufi a kan wani sashe na kufan, ta yadda ake haƙa a ciki ko ana ruwa ko ana iska, mai ziyara kuma yana bin wata hanya ta sama yana leƙa ramukan yana ganin ƙasusuwa da fasassun tukwane a inda aka same su. A gidan tarihin da ke gefe an sake gina ɗaki irin nasu da cikakken girmansa, da ginshiƙan itace da bangon da aka saƙa da tsumagu aka yaɓe da laka, da murhu a tsakiya da kafar hayaƙi a sama.

Hajiya ta shiga ɗakin nan ta tsaya shiru na ɗan lokaci, sannan ta fara nuna wa jikokinta abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta jira fassarata ba, domin ta gane su da kanta: dutsen niƙa da ɗansa, tukunyar ƙasa, da fartanyar da aka yi da ƙashin kafaɗar ɓauna aka ɗaure a ƙota. 'Yar autarmu, wadda aka haifa a nan Amurka, ta ce: "Hajiya, kin taɓa niƙa da irin wannan?" Ta amsa mata cewa tun tana ƙarama kamarta take durƙusawa a gaban dutse kafin inji ya zo garinsu, ta kuma kwatanta mata yadda ake tura ɗan dutsen da hannu biyu. Abin da ya ba ta mamaki shi ne rumbunsu, domin su a ƙarƙashin ƙasa suke haƙa shi, mai ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu, su zuba hatsi su rufe, saɓanin namu da ake ɗagawa a kan duwatsu don gudun danshi da gara. Ganin wannan ƙauye ya sauya mini yadda nake kallon fadar, domin ya nuna cewa masarar da baƙin manoma suka yi alfahari da ita a 1892 ta riga su zama a wannan ƙasa da ɗaruruwan shekaru, a hannun mutanen da daga baya aka raba zuriyarsu da yawancin ƙasarsu. Ina ganin iyalin da ya ga fadar bai ga ƙauyen ba ya ji rabin labari ne kawai.

A rana ta uku da safe mun leƙa jami'ar Dakota Wesleyan, inda aka keɓe wani sashe na ɗakin karatu don tarihin George McGovern, ɗan garin da ya yi sanata ya kuma yi takarar shugaban ƙasa a 1972 ya sha kaye a hannun Richard Nixon. Yara ba su daɗe ba suka gaji, don wuri ne na karatu da hotuna, amma ni na amfana. McGovern ya tashi a Mitchell a shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura da fara suka cinye gonakin yankin, kuma a 1961 shugaba Kennedy ya naɗa shi ya jagoranci shirin Amurka na kai abinci ƙasashen da ke cikin yunwa. Daga baya shi da sanata Bob Dole suka assasa shirin ciyar da yara 'yan makaranta a ƙasashe matalauta, ciki har da na Afirka. Na gaya wa Hajiya cewa garin da ya kafe masara a bango shi ne kuma ya fitar da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da yunwa, ta ce madalla da wanda ya ciyar da yaro.

Game da yanayi, zafin Yuli a nan ba wasa ba ne, yakan haura digiri 30 da rana, ga iska da ba ta tsayawa, kuma hadari yakan taso da yamma cikin gaggawa da tsawa mai ƙarfi, don haka a riƙa duba hasashen yanayi a waya. Sauro yana da yawa a bakin tafki bayan faɗuwar rana. Ruwan tafkin kuma mun tarar ya yi kore da gansakuka a wasu gefuna, abin da mazauna garin suka ce yakan faru da zafi, shi ya sa muka hana yara shiga, muka bar su da ninkayar otal. Wanda yake da sauran lokaci zai iya ƙara tafiyar awa guda zuwa yamma har garin Chamberlain, inda hanya take gangarawa kogin Missouri, kuma a wurin hutawar matafiya da ke kan tudu aka kafa wani mutum-mutumin ƙarfe na mace 'yar asalin ƙasar mai tsawon ƙafa 50 a 2016. Mu mun bar wannan sai wani jiƙon saboda gwiwar Hajiya.

Lokacin zuwa yana da tasiri a kan kuɗi da kuma abin da za a gani. A farkon Agusta ana babban taron masu babura a Sturgis, can yammacin jihar, kuma dubbansu ta wannan hanya suke bi, sai ɗakunan kwana su yi tsada su yi wuyar samu. A ƙarshen Agusta garin yana bikinsa na shekara-shekara a gaban fadar, da lilo da kiɗa da cunkoso, kuma daga wannan lokaci ne ake fara ɓamɓare tsohon zane ana kafa sabo har cikin kaka, saboda haka mai son ganin ma'aikata a kan aiki, ko ganin zanen yana sabo kafin tsuntsaye su taɓa shi, sai ya nufi Satumba ko Oktoba. Daga tsakiyar Oktoba kuma mafarautan wani tsuntsu mai kama da zabo suke cika masaukai. Mu da muka zo a Yuli mun sami garin a natse, kuma abin da muka kashe gaba ɗaya bai wuce kuɗin mai da ɗaki da cin abinci sau ɗaya da tikitin ƙauyen tarihi da 'yar tsaraba ba. Iyalin da 'ya'yansu suka zama samari masu son hayaniya da manyan wasanni za su ga garin ya yi musu shiru, kuma mako guda zai yi yawa ga kowa. Amma ga mai ƙananan yara, ko mai tsoho a tare da shi, ko wanda ya gaji da aiki yana son inda ba a tsayawa layi ba a kuma gaggauta shi, kwana biyu zuwa uku a nan sun yi daidai.

A hanyarmu ta komawa, muna wuce Sioux Falls, Hajiya ta karɓi wayata ta kira ƙaninta da ke noma a gida ta WhatsApp. Na ji tana ba shi labarin baƙar masara da shuɗiya, tana gaya masa cewa kowace gonarta daban saboda iska, da yadda ake tsaga goyo biyu kafin a kafe shi, da rumbun da ake haƙawa a ƙasa. Shi kuma ya tambaye ta buhu nawa suke samu a eka, ta juyo ta tambaye ni, na ce mata zan bincika idan mun isa gida.